Hoton da Aka Goge

"Ina hoton? Nagoggo, ina hoton Malam da ke nan?"

Saudatu ta dafe kwamfutar da hannu biyu. Allon fayau, babu komai sai shuɗi.

Nagoggo, gwaggon mijinta marigayi Mainasara, ta leƙo tana gyara lulluɓi. "Ni na sa jikata Adama ta goge shi jiya kafin ta tafi. Mai takaba ta zauna tana kallon fuskar mamaci? Ke ko tsoro ba kya ji?"

"Ba hoto ba ne kawai, Nagoggo! Shi nake dannawa in samu Firdausi!"

"Ki danna wani maɓallin mana, ba ga su nan birjik a ƙasa ba? Ni na tafi Zango, kar mota ta bar ni."

Ƙyaure ya rufe. Gidan ya yi tsit.

Tun da Firdausi, 'yarsu tilo, ta bi mijinta karatu Sudan, Mainasara ya haɗa wa Saudatu gajeriyar hanya: ɗan hotonsa a kan allo, tana danna shi manhajar kira ta buɗe, ta tafi kai tsaye wajen 'yarta. Abin da ta iya ke nan. Ga shi da safen nan saƙo ya iso cewa Firdausi na kan gwiwa, haihuwar ta zo da gardama, wayarta kuma ba ta shiga.

Mai gyara na nan bayan rijiyar Kusugu, amma takaba ta hana ta fita, shi kuma ba muharraminta ba ne, balle ya shigo ɗaka. Masu zaman gaisuwa duk sun watse tuni.

Ta zauna a kujerarsa, ta rufe ido, tana neman yadda yatsunsa ke yi. Yakan riƙe maɓallin nan mai hoton taga, ya ƙara da wani harafi, sai ɗan akwati ya fito. Ta gwada wannan, ta gwada wancan. Can akwatin ya ɓullo!

Da yatsa ɗaya ta rubuta sunan manhajar, ta bi da sunan Firdausi. Kwamfutar ta yi ƙara, ta ƙi.

"Haba Malam," ta ce da ɗakin da babu kowa, "me na manta?"

Sai ta tuna yana tsokanarta: "Ɗigo biyu a tsakani, Hajiya, kamar idanunki in kin harare ni."

Ta sa su. Manhajar ta buɗe. Kira ya fara shiga, yana ƙara, yana ƙara, ba a ɗauka ba tukuna.

Babur ya tsaya a ƙofar gida. Wata murya da ba ta taɓa ji ba ta yi sallama daga zaure.

"Nan ne gidan marigayi Mainasara? Magada suka turo ni. An ce kwamfutarsa tana cikin kayan gado, yanzu zan tafi da ita."