An Miƙe Duniya

Yana yaye ƙyallen da ya rufe ƙwallon taswirar duniyar ya ga an miƙe ta.

Malamin labarin ƙasa ya tsaya da ƙyallen a hannu. A cinyarsa ya riƙo duniyar nan cikin jirgi ran da ya dawo daga karatu, tana karkace a kan sandarta kamar yadda ta gasken take. Yanzu ga ta tsaye ƙiƙam kamar soja, gindin sandar ya yi baƙi da ƙunar walda.

A bayan aji Gwaggo, mai makarantar kuma yayar mahaifinsa, tana zaune kusa da sufeton da ya zo duba darasi. Yau watannin gwajin malam ke cika. In darasin ya yi, aiki ya tabbata. In bai yi ba, ya koma zaman shagon wansa, ga matarsa da tsohon ciki.

"Ka ga aiki?" in ji Gwaggo. Ta juya wajen sufeto. "Yallaɓai, a karkace ya kawo mana ita, ko a jirgi aka danne ta oho. Na ce ba za a yi baƙo ya tarar da kayanmu kamar wuyan mai ciwon haƙori ba. Jiya da yamma na aika wa mai walda."

Sufeto ya gyaɗa kai. "Haka ake so, Hajiya. Kula da kayan aiki."

Yara suka zuba wa malam ido. Jiya jiyan nan ya kunna musu tocila a matsayin rana, ya zagaya da duniyar tsakanin bencina. Ya nuna musu yadda arewa ke sunkuyo wa rana a tsakiyar shekara, yini ya yi tsawo, ruwa ya biyo baya, da yadda take kau da kai a ƙarshen shekara, dare ya ci yini. Sau biyu kawai a shekara, ya ce musu, dare da yini ke yin kunnen doki. Duk daga karkatar nan ne.

Malam ya ajiye ƙyallen. Ya ɗauki duniyar, ya rungume ta, ya kwantar da ita kaɗan a hannunsa, ya kunna tocila.

"Kai, ɗan nan, ajiye ta!" in ji Gwaggo. "So kake ka sake lanƙwasa ta? Wallahi da ƙyar mutumin nan ya miƙe ta."

Sufeto ya yi dariya, ya ɗaga biro yana jira.

Malam ya dubi Gwaggo. Ita ta biya masa kuɗin jirgin tafiya, kuma ba ta taɓa bari ya manta ba. Ya ajiye duniyar a tebur.

Wata yarinya a bencin gaba ta ɗaga hannu. "Malam, ba jiya ka ce in babu karkata, babu rani babu damina ba? Ka ce kullum zai zama iri ɗaya."

"Na ce."

"To yanzu fa?"

"Yanzu buɗe littafinki. Ku rubuta: yanayin shekara."

Ya juya ga allo ya jera musu sunayen yanayi, suka bi shi da baki ɗaya, da ƙarfi, har ajin maƙwabta ya yi shiru. Sufeto ya ce ya daɗe bai ga aji mai ladabi haka ba. A bakin ƙofa Gwaggo ta dafa kafaɗar malam. "Aiki ya zama naka. Ka gaishe da mai cikin."

Da aka tashi ya zauna shi kaɗai. A bangon aji akwai zanen alli da shi da yaran suke yi duk mako, daidai inda hasken taga ke sauka in an buga ƙararrawar tashi, don su ga yadda karkatar ke matsar da rana. Hasken ya wuce zanen makon jiya da faɗin yatsa. Ya ɗauki alli, ya juya shi a hannu, ya mayar cikin kwali. Sannan ya ɗauki dasta ya goge zanen duka, kada Gwaggo ta ce an ɓata mata fenti.