Goge a Bakin Ƙofa

Sharaɗi ɗaya Sunmaya ta kafa wa kwamitin, kuma ba na kuɗi ba ne. Wasan na taimako ne, za a tara abin da za a yi wa makarantar firamaren Kusma sabon rufi, tunda iskar damina ta yaye kwanon ta jefa shi gonar masara. Ita da mijinta Khem ba su nemi ko sisin kwabo ba. Abin da ta ce kawai, a kan dandamali za su yi wasa, a zaune, kuma a ajiye wa mahaifinta kujera a sahun gaba ya gani da idonsa.

Wanda bai san mahaifin nata, Baba Maite, ba, zai ce rigima ce. Shekara hamsin tsohon nan yana yawo da sarangi, gogensa mai tsirkiya huɗu, daga ƙofa zuwa ƙofa kamar yadda ubansa da kakansa suka yi. 'Yan gidansu ba a ce musu shigo, don a garin ana ɗaukar zuriyar masu goge ƙasƙantattu. A bakin ƙofa ake tsayawa a rera, sai uwar gida ta fito da shinkafa cikin tafin hannu ta zuba a jaka daga nesa, don kada hannu ya taɓa hannu. Sunmaya ce mai riƙe jakar tun tana 'yar shekara shida. Ranar da ta gaji gogen ta rantse ba za ta taɓa kaɗa shi a bakin ƙofar kowa ba. Ta kuwa riƙe rantsuwar. Ita da Khem, ita da goge shi da 'yar gangarsa ta madal, suna bin makarantu da bukukuwa da waƙoƙin da kaka da jika za su ji tare babu mai sunkuyar da kai: akuyar da ta cinye littafin lissafi, tsohuwar da ta ɓoye haƙoranta a tulun gishiri. Sai dai duk a tsakar gida ne ko ƙarƙashin itace. Yau ne dandamali na farko, kuma idon tsohon ya fara hazo, ba ta da tabbacin za a yi na biyu yana gani.

Ƙarfe goma sha ɗaya suka shimfiɗa tabarmarsu a tsakiyar dandamalin zauren gari. Kujeru shida ne a bayansu. Baba Maite na sahun gaba cikin wankakkiyar riga, hularsa a karkace, hannuwa bisa gwiwa kamar wanda za a ɗauka hoto. Yara sun cika ƙasa maƙil.

Sai Bheshraj, sakataren kwamiti, ya karɓi makirufo. Mutum ne da in ya riƙe makirufo sai ka ce da shi aka haife shi.

Ya kira babban baƙo ya hau ya zauna. Aka rataya masa khada, farin ƙyallen nan na girmamawa, aka tafa. Ya kira baƙo na musamman. Ya kira baƙo na musamman na biyu, don kada na farkon ya ji kaɗaici. Shugaban unguwa, tsohon shugaban unguwa, da wanda ya yi takara da su duka biyun ya faɗi. Kujeru shida suka cika kafin a kai ga hedimasta.

"A miƙo kujeru daga ƙasa," in ji Bheshraj.

Wa ya tashi ya fara miƙawa? Khem. Mijinta na aure, ya ajiye ganga yana ɗauko kujeru bibbiyu yana murmushi.

"Kai, me kake yi?" ta tambaye shi ƙasa-ƙasa.

"Taimako nake. In an gama da wuri mu fara da wuri."

"Taimakon wa? Wurin zamanmu kake cikewa."

"Haba Sunmaya, dandamalin ai da faɗi."

Da faɗi, wai. Aka kira shugabar ƙungiyar iyaye mata da mataimakiyarta. Aka kira mai shagon kwano da ya yi alkawarin ragi, da mai shagon siminti da bai yi alkawarin komai ba amma surukin shugaba ne. Aka kira tsohon soja mai lambar yabo, da likitan dabbobi, da wani bawan Allah da ya shigo neman ƙaninsa aka ga yana da kwat. A garin nan in ka bar mutum mai kwat a ƙasa, ya daina gaisawa da kai har ka mutu. Kowa ya hau sai an rataya masa ƙyalle, kowa kuma sai ya ce kalma biyu, kalma biyun da ba ta ƙarewa ƙasa da minti biyar.

Tabarmar ta fara tafiya. Aka ja ta hagu. Aka ninke ta biyu. Sunmaya ta rungume gogenta a ƙirji, gwiwar likitan dabbobi na zungurin bayanta, ranta kuwa kamar ta fasa ihu. Duk da haka da sauran wuri, ɗan lungu a gefen dandamali, daidai zaman mutum biyu in sun matsu. Ta dubi mahaifinta. Yana nan yadda yake, bai motsa ba, yana jira. Ta ce a ranta, ko faɗin faranti ne, a sama dai yake.

Ƙarfe biyu ta wuce sa'ad da ta hango Khem yana yi wa Bheshraj raɗa a kunne. Shekara tara tana aure da mutumin nan, ta san fuskarsa in zai yi alherin da ba a tambaye shi ba.

Bheshraj ya gyara murya. "Jama'a, mun kusa yin babban kuskure. A cikinmu akwai dattijon mawaƙa, mahaifin 'yar'uwarmu mai goge. Muna roƙon Baba Maite ya hau ya zauna."

Surukin shugaba ya gyara zama ya dubi silin. Yara ne suka fara tafi, sannan iyayensu mata suka bi. Tsohon ya waiga bayansa yana neman wani Maiten. Sai da Khem ya kama hannunsa ya hau da shi matakala, wani kuma ya biyo su da kujerarsa.

Ina za a ajiye kujerar? Ai wuri ɗaya ya rage. Aka naɗe tabarmar aka miƙa wa Sunmaya a hannu.

"Ƙanwata," in ji Bheshraj, ya rufe makirufo da tafinsa, "ku ɗan sauka ƙasa ku yi. Ai ku ba kwa buƙatar lantarki."

"Yaya Bhesh, sharaɗi ɗaya na kafa muku."

"Na sani, na sani. To wa zan saukar? Ki nuna min mutum ɗaya."

Ta dubi dandamalin. Mutum talatin da ɗoriya, kowa da farin ƙyalle a wuya, katako na kuka a ƙarƙashinsu. Wanda ke zaune a lungunta kuwa ubanta ne, ana rataya masa nasa ƙyallen, ya sunkuyar da kai.

Suka sauka. Gaban dandamali yara sun cika shi, ba wurin ajiye ƙafa. Suka yi ta ratsawa suna neman fili, har suka kai inda babu kowa saboda rana na dukan wurin. Sai da ta tsaya ta ga inda take: bakin ƙofa, dokin ƙofar a ƙarƙashin ƙafarta, takalman mutane a zube a bayanta. Wurin ma bai isa a shimfiɗa tabarma ba, sai a tsaye.

"Sunmaya," in ji Khem a hankali, "wallahi ni nufina..."

"Ka yi min shiru. Ɗaura gangarka."

Har ta yi tunanin sa goge a jaka ta kama hanyar gida. Amma yara sun riga sun juyo gaba ɗaya, sun ba dandamali baya, wata mai gibi tana cewa a yi ta akuya. Awa uku suna zaune a kan siminti suna jin kalma biyu. Ta dafa gogen a ƙirji kamar yadda Baba yake yi a tsaye, ta ja.

Suka yi ta akuya, yara na amsawa da kukan akuya har zauren na amsa kuwwa. Suka yi ta tsohuwa da haƙoranta, tsohon soja ya yi dariya har ya share ido da ƙyallensa. Kwandon taimako ya zaga ya dawo da nauyi. Ita dai ba ta dubi dandamali ba ko sau ɗaya. Ta san abin da zai gani in ya hango ta: 'yarsa a bakin ƙofa da goge, inda ya baro.

Da aka tashi, aka raba wa manyan baƙi 'yan kwalayen abinci, samosa biyu, dafaffen ƙwai da alewar madara. Na kan dandamali kawai ake ba. Sunmaya na durƙushe tana sa goge a jaka tana harhaɗa maganar da za ta gaya wa Khem a hanya, sai ta ga ƙafafun mahaifinta a gabanta. Yana daga ciki, ita tana daga waje. Ƙyallen na wuyansa har yanzu, kwalinsa a hannu, bai buɗe ba.

"Baba, ka yi haƙuri," ta ce. "Ba haka na shirya ba."

"Tsirkiyarki ta uku ta ɗan saki," in ji shi. "Amma kin ja da kyau. Daga can sama ana jin komai."

Ya miƙo mata kwalin da hannu biyu.

"Naka ne, Baba. Ka ci, tun safe ba ka sa komai a cikinka ba."

"Karɓi, 'yar nan. Mai goge ta yi wasa a ƙofa, ni kuma ina ciki." Ya ƙara matso da kwalin. "Shekara hamsin ana miƙo min. Ban taɓa miƙa wa kowa ba."

Ta buɗe bakin jakar gogen don ya sa a ciki, don haka ta saba gani tun tana yarinya. Tsohon ya girgiza kai. Ya kamo hannunta ya juya tafin sama, ya ɗora kwalin a kai, ya rufe da nasa hannun, ya daɗe bai saki ba.