Na'urar da Ba Ta Ga Baba Bitrus Ba

Karo na bakwai ke nan ana dawo wa Abdulwasiu da aikinsa. A tsaye ya karanta saƙon a barandar asibitin, gumi na bin bayansa.

Ƙaramin asibiti ne a Kontagora, kan hanyar Rijau, inda yayarsa Lauratu take aikin jinya. Batirin solarsu ba ya iya ɗaukar fankoki shida da firjin allurar rigakafi, ga shi kullum sai an bar fanka tana juyawa a ɗakin da babu kowa. Shi ya sa ya sayo wata 'yar na'ura mai jin ɗumin jikin mutum, ta kunna fanka in akwai wani, ta kashe in babu. Sai dai kwamfutar da zai haɗa ta da ita ba ta san ta ba. Wata huɗu ya yi yana rubuta direba, wato ƙaramar manhajar da za ta sa su fahimci juna, yana aika wa masu kula da kanel, wato zuciyar babbar manhajar kwamfuta, su duba su karɓa. A ciki ya saka wani gyara don kada zafin ɗaki ya hana ta gane mutum.

Mai dubawar, wani mutumin ƙasar sanyi da bai taɓa gani ba, ya rubuta: "Cire wannan gyaran na zafi. A teburina tana aiki ba tare da shi ba."

Abdulwasiu ya cire, ya gwada a ɗaki na uku, inda Baba Bitrus, wani manomi daga Kumbashi, yake kwance ana masa ƙarin ruwa. Azahar ce ta watan Afrilu, bango ya sha rana har ɗuminsa ya kamo na jikin mutum. Fanka ta yi juyi biyu ta tsaya.

"Ɗana, wuta aka ɗauke?" in ji tsohon.

"A'a, Baba. Na'urar ce ta ce ba ka nan."

"To, ka gaya mata ina nan."

Lauratu ta leƙo. "Wasiu, ko dai ka haƙura da mutanen nan? Ai da gyaranka tana yi mana aiki."

"Haka ne, Yaya."

Ya mayar da gyaran, fanka ta tashi. Ya zauna a bakin gado. Ya san ba Kontagora kaɗai ake zafi ba, kuma sai mutanen nan sun karɓi gyaran zai kai sauran wurare.

"Ara mini ma'aunin zazzaɓinki," ya ce.

Ya manna shi a jikin bango, ya jira, ya ɗauki hoton abin da ya nuna: talatin da bakwai. Ya buɗe kwamfuta, ya fara rubuta na takwas, haɗe da hoton.