Ɗigo Uku na Kaka

Gara ba ta jiran kwamiti. Wannan ne abin da ya hana Auta sukuni tun da ta fara kwafe littafin kakanninsu a kwamfuta, takardun kuwa suna marmashewa a hannunta.

Haruffa duk sun shiga lafiya lau. Abu ɗaya ya gagara: wasu ɗigo uku, biyu a ƙasa ɗaya a sama kamar duwatsun murhu, da marubucin farko ya sa duk inda mai karatu zai tsaya ya ja numfashi. Da ta nemi alamar, sai kwamfuta ta miƙo mata akwati fanko. Ta share akwatunan, ta karanta wa Baba kwafin tiryan-tiryan.

"Wa ya biyo ki?" in ji Baba. "Ina numfashin? Littafin da ba ya numfashi ai gawa ne. Ban yarda da kwafin nan ba."

Baba fa in ya kafe, ko jaki sai ya sara masa. Ga shi yanar ido ta fara rufe masa gani. Auta ta ɗauki hotunan shafuka, ta aika wa kwamitin da ke ba kowace alamar rubutu lambarta, don kowace na'ura a duniya ta gane ta. Suka nemi ƙarin hujja, ta ƙara. Shekaru suka shuɗe, idon Baba ya tafi.

Wata safiya, bayan kwamfutar ta sabunta kanta, Auta ta buga lambar da kwamitin ya ba alamar daga ƙarshe. Ɗigo uku suka bayyana. Hannun da ya ɗiga su ya daɗe da zama ƙasa, ko sunansa ba a sani ba, amma ga ɗigonsa zaune daram, da mazauni a wayar kowa.

Ta ƙara girmansu har suka cika gilashin, ta kai gaban Baba. Ya shafa, santsi kawai ya ji. Kuka ya taso mata.

"Bar nuna wa makaho hoto, 'yar nan. Karanta."

Ta mayar da ɗigon gurabensu a shafin farko, ta fara. Da ta iso wurin, ta tsaya ba tare da ta yi niyya ba. A cikin shirun ta ji Baba ya ja numfashi tare da ita.

"Yana nan," ya ce a hankali. "Ci gaba."