Abin da Ke Ƙarƙashin Burodi

"Kai ka kashe shi, Lutfi! Ba teku ba, kai!"

Mabruka ce ta faɗa, tana tsaye tsakiyar lungu da ludayi a hannu, ranar da maƙwabcinta Shadli ya cika kwana uku a kabari. Mazan da ke zaune kan kujerun roba a rumfar makoki suka juyo gaba ɗaya. Rayis Lutfi, mai jirgin da Shadli ya yi wa aiki shekara goma sha bakwai, ya ajiye kofin gahawarsa a ƙasa a hankali.

"Inna Mabruka, ki ji tsoron Allah," in ji shi. "Makoki ake yi."

"Ni za ka gaya wa makoki ake yi? Ni na dafa kuskus ɗin da ka loda wa cikinka ɗazu. Dube shi da jajayen idanu, wai kuka ya sha! Mun san abin da ke ja maka ido, ɗan Jalila."

Wani dattijo ya ɗaga carbinsa ya ce, "Ku shigar da ita ciki, zafin rashi ne ke damunta."

Mata biyu suka fito suka ja ta, tana tirjewa, takalminta ɗaya ya zauna a lungu. Sai dai ko a cikin tirjiyar akwai maganar da ta ɓoye ba ta faɗa ba. Lutfi kuwa ya sani, shi ya sa bai tashi daga kujerarsa ba.

Bango ɗaya ne ya raba gidan Mabruka da na Shadli, a lungun bayan kasuwar kifi ta Kalibiya. Mijinta ya rasu da daɗewa, ba ta da ɗa, abin da take yi shi ne dafa abincin da jiragen haya ke fita da shi teku. Jirgin Lutfi ba na masunta ba ne. Mutanen Tunis yake ɗauka, likitoci da 'yan kasuwa masu tumbi, su zo ranar Asabar su jefa fatsa don nishaɗi, su ɗau hoto da kifin da Shadli ne ya kama musu. Ita ke shirya musu kwando: zaitun, dafaffen ƙwai, barkono gasasshe da man zaitun, sai burodi mai zafi a sama, a rufe da farin ƙyalle.

Tun shekarar da wasu baƙi suka bugu jirgi ya kife da su a bakin duwatsu, masu gadin ƙofar tashar jirage ba sa barin kwalbar giya ta wuce. Suna buɗe jaka, suna buɗe akwatin ƙanƙara. Amma ba wanda ya taɓa ɗaga ƙyallen kwandon Mabruka. Wa zai saka hannu a abincin tsohuwar da ta goya rabinsu?

Lutfi ne ya fara lura da haka. Ya zo mata wata yamma da wani abu a cikin riga, yana sosa ƙeya.

"Inna, kwalba biyu ce rak, ta baƙi. In ba su samu ba, jirgin wani za su koma. Ni ko ɗanɗanawa ba na yi."

Uwarsa Jalila aminiyarta ce tun suna 'yan mata, kuma a kan cinyar Mabruka ta cika. Mabruka ta zage shi tas, ta kira shi shashasha, sannan ta karɓa ta kwantar da kwalaben a ƙasan kwando, ta jera burodi a kai. Biyu ta koma huɗu. Kafin bazara ta ƙare an kai shida.

Shadli ne mai zuwa ɗaukar kwandon kowace Asabar da safe. Ɗan siriri ne mai shekara sittin da uku, da haƙora huɗu a baki, bai taɓa kai giya bakinsa ba, kuma ba ya iya wuce Mabruka bai tsokane ta ba.

"Maƙwabciya, burodin nan naki kullum ƙara nauyi yake. Da tsakuwa kike kwaɓa shi?"

"Tsufa ne ya cinye maka hannu, tsohon banza."

"Kuma burodi ne mai baki. Ina tafiya yana ƙwal-ƙwal."

"Ka ɗauka ka ba ni wuri, kafin in ƙarasa maka haƙoran da suka rage."

Ya yi dariya ya tafi. Amma mako guda kafin abin ya faru, ya tsaya a bakin ƙofarta bai yi dariya ba.

"Mabruka, yanzu fa ba baƙi kaɗai ke sha ba. Yaron nan tun hantsi yake farawa. Ki daina sa masa."

"Ni abinci nake sayarwa," ta ce. "Abin da mutum ya zuba wa cikinsa, tsakaninsa da Ubangijinsa."

Ta turo ƙofa ta rufe, yana tsaye da kwando a hannu.

Asabar ɗin da ta biyo baya aka shigo da shi tasha naɗe da tamfol, farfelar jirgi ta sare masa cinya da haƙarƙari. Lutfi ya gaya wa 'yan sandan ruwa cewa igiyar ruwa ce ta juya jirgin ta buga Shadli da farfela. Baƙin suka ce haka ne, suka shiga motocinsu suka koma Tunis. Ba a ga ko kwalba ɗaya a jirgin ba. Kwandon ya dawo wa Mabruka wayam, har an kakkaɓe shi.

Kwana huɗu Shadli ya yi a asibiti. Rana ta uku Mabruka ta kai masa romo. Matarsa Zakiya ta fita sallar azahar, aka bar su su biyu. Ya rame ya koma kamar busasshen kifi, robar ruwa a hannunsa.

"Matso," ya ce. "Bai ba ni makulli ba."

Mabruka ta gane. Kowa a tashar nan ya san ƙa'idar. Idan zaren fatsa ya naɗe a farfela, wanda zai nutse ya yanke shi ba ya taɓa ruwa sai rayis, wato mai tuƙin jirgin, ya zare makullin inji ya rataya masa a wuya. Da makullin ake nutsewa, da shi ake fitowa. Haka kakanninsu suka yi tun da aka fara sa wa jirgi inji.

"Na miƙa hannu," in ji Shadli, yana hutawa tsakanin kalma da kalma. "Yana riƙe da kofi. Sai ya ce, 'Haba Baba Shadli, shekara goma sha bakwai, har yanzu ba ka yarda da ni ba?' Baƙin suka fashe da dariya. Wani ya ce tsoho na jin tsoro. To, na ji kunya, Mabruka. Na sauka haka nan."

"Sakarai! Da girmanka?"

"Da girmana. Ina ƙasa ina yanka, ashe kifi ya kama fatsar wani a baya. Na ji ihunsu ta cikin ruwa, 'Bi shi, Rayis, bi shi!' Mancewa ya yi da ni. Wallahi ba da gangan ba ne, mancewa ya yi."

Mabruka ta ajiye kwanon romon a kan cinyarta.

"Kwalba shida ce a kwandon ranar," ta ce.

"Na sani. Ni na ɗauko." Ya ɗan yi murmushi. "Kada ki gaya wa Zakiya. Ba ta da kowa sai ke. Ba ni romon nan in ji ko yau ma kin cika gishiri."

Cokali biyu ya sha. Washegari da hantsi ya cika.

Ita ta riƙe Zakiya lokacin da aka fita da gawa. Ita ta dafa abincin makoki kwana uku, tana juya tukunya tana jin mata na cewa ƙaddara, teku ba ta da amana, Allah ya saka wa Rayis Lutfi da alheri da ya tsaya a kan komai. A rana ta uku ne ta ji wani a rumfa yana yabonsa, sai ta fita da ludayin a hannu.

Da la'asar ɗin ranar, bayan an watse, Lutfi ya shigo mata kicin ba sallama. Ya ajiye mata takalminta a bakin ƙofa.

"Inna, me kike so in yi? In mutu? Kwana bakwai ban runtsa ba. Ko ruwa na kalla shi nake gani."

"Ka je ka faɗi gaskiya."

"In na faɗa zai dawo? Za su ƙwace mini takardar tuƙi, su ɗaure ni, 'ya'yana uku su ci me?" Ya rage murya. "Kuma za su tambaya yadda aka yi kwalba ta wuce ƙofa. Me zan ce musu? Ke da kike sahun gaba a masallaci? Zakiya ma za ta ji."

"Barazana kake mini, ɗan Jalila? Ni da na wanke maka kashi?"

"Ba barazana ba ce. Tare muka yi, Inna. Mu yi shiru tare."

Ta ɗau murfin tukunya ta jefe shi. Bai same shi ba, ya bugi bango ya yi ta juyi a ƙasa. Lutfi ya fita. Ta zauna kan buhun gari, domin duk zagin da ta tara masa ya ƙare, kuma maganarsa ta ƙarshe ba ƙarya ba ce.

Washegari da safe Zakiya ta ƙwanƙwasa bango sau biyu, yadda suka saba kiran juna shan shayi. Mabruka ta shiga ta same ta a tsakar gida tana ninke rigunan Shadli, za ta bayar sadaka.

"Yaya Mabruka, jiya kin ba ni kunya," in ji Zakiya a hankali. "Na san don kina ƙaunarsa ne. Amma bawan Allahn nan me ya yi?"

Mabruka ba ta zauna ba.

"A buge yake, Zakiya. Ya hana mijinki makulli, ya tayar da inji yana ƙasa. Shadli da bakinsa ya gaya mini."

Zakiya ta tsaya da riga a hannu. "A buge? Ai ba a shiga da giya tasha."

"Ana shiga da ita. A kwandona. Ƙarƙashin burodi. Ni nake jera ta da hannun nan. Mijinki ya ce in daina, na rufe masa ƙofa a fuska."

 Zakiya ta ƙarasa ninke rigar, ta ɗora a kan sauran, ta shafa ta da tafin hannu.

"Kwana bakwai ina kuka a kafaɗarki," ta ce.

"Na sani."

"Abincinki nake ci."

"Na sani, Zakiya. Ki zage ni. Ki mare ni in kina so."

Zakiya ba ta zage ta ba. Ta ɗauke kofin shayin da ta zuba mata, ta juye shi a magudana, ta ɗauraye, ta kife. Sannan ta shiga ɗaki ta ja labule.

Mabruka ta koma gida ta ɗau mayafinta mai kyau, wanda take zuwa Juma'a da shi. Ta bi ta kasuwar kifi, masu tebura na kiranta tana wucewa. A ƙofar tasha wani mai gadi ya gaishe ta da fara'a, "Inna, yau ba kwando?" Ta dube shi ta ce, "Kai ma ka shirya, za a zo kanka, makaho."

A ofishin 'yan sandan ruwa wani hafsa mai furfura a gefen kai ya ba ta kujera. Ta faɗa masa komai, daga kwalba biyun farko har zuwa makulli. Sau biyu yana ajiye alƙalami.

"Inna, kin san abin da kike faɗa zai taɓa ki ke ma?"

"Kurma ne kai? Da sunana na fara. Rubuta shi a sama, da manyan baƙi. Sannan na Lutfi. Sannan masu tumbin nan na Tunis da suka yi wa tsoho dariya, suka zo nan suka rantse maka da ƙarya. Yana da lambobinsu duka a wayarsa."

Da ya gama ya karanta mata, ya juyo da takardar ya miƙa mata alƙalami. Ta ture shi.

"Ban yi makaranta ba. Kawo tawada."

Ya kama babban yatsanta ya danna a tawada, ya danna a ƙasan takardar. Ta duba yatsan, ya yi shuɗi har cikin tsagar da wuƙa ta bar mata. Ya miƙo mata ƙyalle ta goge, ba ta karɓa ba. Ta taga ana hango jirgin Lutfi ɗaure a gaɓa, yana ɗan lilo, an wanke shi fes.

"Shi ke nan, Inna, kina iya tafiya gida. Za mu neme ki."

Mabruka ta gyara zama a kujerar, ta ɗora hannun mai tawada a kan gwiwarta.

"Ba inda za ni. Ni na amsa nawa. Aika a kira shi yanzu, ya zo ya tsaya a nan gabana, ya faɗa maka a wuyan wa makullin yake."