Damin Maiwar Baba

Gafaru ya sauka a tashar Tudu ta Ankara, babban birnin da ke kudu a bakin teku, da dami ɗaya na maiwa a kansa, ya tako har unguwar Nima yana lulluɓe shi da buhu, don ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya. Takaici ya ishe shi. Ruwan da suke roƙo a arewa har muryoyinsu su dushe, ga shi nan yana bin gota, wato kwata, yana kwasar ɓawon kwakwa da ƙayar kifi.

Damin nan shi ne ƙarshen irin maiwar mahaifinsu. Maiwa ce mai son doguwar damina, damina kuwa ta daɗe tana guntulewa a ƙasarsu. Zamanin Baba ruwa kan sauka da wuri ya daɗe. Yanzu sai ya makara, ya kuma ɗauke hatsi na tsakiyar fitar da kai. Kowa a ƙauyen ya koma gero mai saurin nuna, Gafaru ne kaɗai ya nace, har abin ya dawo dami guda. Shi ya sa ya kawo wa wansa Iddrisu ya shuka a 'yar gonarsa ta bayan unguwar Maamobi, kada irin ya ƙare a hannunsu.

Iddrisu leburan gini ne, tun kafin a sauke tutar Turawa bai leƙa gida ba, amma bakinsa ya fi na kowa sanin noma. Ko ruwan sha bai bari an kawo wa baƙon ba.

"Dami ɗaya? Gonar Baba duka, dami ɗaya?"

"Yaya, ruwa ne ya janye mana, shekara da shekaru."

Iddrisu ya bankaɗe labule ya nuna tsakar gida. "Wannan mene, toka? Gota ya cika, ɗakina na yoyo, kai ka zo kana faɗa mini ba ruwa! Sama ɗaya ne, Gafaru. Lalaci ne kawai, ba ka da zuciya kwaraa, ko kaɗan."

"Saman Ankara daban, namu daban. Nan damina biyu kuke samu a shekara. Da kana zuwa gida ai da ka gani."

"To, zagina ka zo yi a ɗakina!"

Gafaru ya ji idan ya ƙara minti guda zai ɗaga wa wansa hannu. Ya jingine damin a bayan ƙofa, ya fice masallaci, da niyyar in zuciya ta huce ya faɗi abin da ya kawo shi.

Da ya dawo bayan la'asar, tun daga lungu ya jiyo ƙarar daka. Damata, matar Iddrisu, na tsaye kan turmi, ƙaiƙayi warwatse a ƙasa kaji na tonawa.

"Sannu da zuwa," in ji ta. "Tsarabarka duk baƙin hayaƙi, sai da na wanke shi sosai. Yayanka ya ce a yi fura."

Iddrisu na kan benci yana sakace. "Ko ba komai mu ɗanɗani wahalarka," ya ce.

Gafaru ya sunkuya ya ɗauki zangarniya ɗaya da aka sussuke.

"Yaya, wane hatsi ake ratayewa a saman murhu har ya yi baƙi?"

Iddrisu ya buɗe baki zai yi masa tsawa, sai tsinken ya tsaya a haƙorinsa. Shi da kansa ya sha hawa kafaɗar Baba yana rataye irin shuka a cikin hayaƙi saboda ƙwari.

"Akwai saura a gida?" ya tambaya a hankali.

"Babu."

Iddrisu ya duro daga bencin ya kori kajin, ya durƙusa cikin taɓo yana tsintar ƙwayoyin da suka fantsama. Gafaru bai taya shi ba.