Ya Jiki, Sadiya?

Kalma biyu kacal Gali ya faɗa, amma sai da suka hana Halimatu Sadiya cin abincin rana. Suna fitowa daga lacca, shi da yake shugaban ajinsu ne, mai baki kamar lasifikar tasha, sai ya rage murya ya ce, "Sadiya, ya jiki?"

Ya jiki! Ba tari take yi ba, ba ɗingishi ba. Mai lafiya kuwa ba a yi masa wannan gaisuwar. To wa ya gaya masa?

Ciwon nata ba ya fitowa a fuska. Da zarar ta shiga babban zauren jarrabawa, ɗalibi ɗari huɗu suna shaƙar iska ɗaya, sai ƙirjinta ya ƙulle, hannu ya hau rawa, biro ya gagara riƙuwa. Sau biyu tana fita ba ta rubuta ko layi ɗaya ba, na uku kuma kora ce daga jami'a. Shi ya sa ranar Laraba ta saci jiki ta je ofishin ɗalibai masu buƙata ta musamman, can bayan laburare, inda ta saba ganin makafi da masu keken guragu suna shiga. Malama Talatu mai ofishin ta saurare ta, ta haɗa ta da likita, ta ce za a ba ta ƙaramin ɗaki da ƙarin minti talatin. Ta kuma yi alkawarin maganar ba za ta ƙetare ƙofar nan ba.

Ga shi ta ƙetare. A motar komawa Azare, inda masaukinta yake, babu wanda Sadiya ba ta zarga ba: mai buga takardun ofis, Kaltum da suke ɗaki ɗaya, har direban da ya kalle ta ta madubi, bawan Allah. Abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne mahaifiyar Gali 'yar Disina ce, garin su Sadiya. A can ba a san wani abu wai shi firgici ba, ko mutum lafiyarsa ƙalau, ko ya taɓu. In zancen ya kai kunnen Bappa, wanda yake riƙonta, kafin Juma'a zai turo a kwaso kayanta.

Washegari ko sallamar kirki ba ta yi ba ta faɗa ofishin.

"Malama, a cire sunana."

"Zauna mana, 'yata. Me ya faru?"

"Gali ya ce min ya jiki."

Malama Talatu ta saci kallon takardun da ke gabanta kafin ta amsa, kuma Sadiya ta lura da kallon sarai.

"Daga bakina bai fita ba. Takardar da na aika sashenku ma lambarki ce kawai a jiki."

"To a ina ya ji?"

"Wannan kam ba zan iya ce miki komai a kai ba."

Ai shi ke nan, a ganin Sadiya ta kama Malamar. Sadiya ta miƙe, takaici kamar ta yi kuka. Malamar ta bi ta da magana: "Ɗaki na shida ne, ranar Litinin. Kujerarki na nan, ko kin zo ko ba ki zo ba."

Ranar Litinin babban zaure ta nufa, don ta rantse ba ta ƙara yarda da kowa. Ta kai bakin ƙofa, hayaniyar ta doke ta, ƙirjin ya fara aikinsa. Ta tsaya har mai gadi ya ce ko ta shiga ko ta matsa. Ba yarda ce ta kai ta ɗaki na shida ba, tsoron kora ne.

Tebur uku ne a ciki. A na farko wani makaho yana gyara kwamfutarsa. A na kusurwa wani ya ba ƙofa gefe, kai a sunkuye, yana ta goge tafin hannu a wando, leɓunansa na motsi, birorsa na karkarwa a tsakanin yatsu. Ta san wannan karkarwar. Sai ta tuna mai hular da ta gani ranar Laraba a kan benci bayan laburare, wanda ta kau da kai daga gare shi don kada su haɗa ido.

Na kusurwar ya ɗago, ashe Gali ne, shi ne kuma mai hular nan. Bakin nan duka ya mutu.

Sadiya ta ja kujerarta ta zauna, kunya ta rufe ta. Kafin a raba takardu ta ɗan karkata wajensa, ta rage murya.

"Gali, ya jiki?"

"Da sauƙi," ya ce, "tunda na ga ba ni kaɗai ba ne."